Ƙannenmu 'yan zamanin korona da bashin da suke bin mu

A makon nan cikin gida za mu koma, mu dubi yaran da ke biye da ku, musamman waɗanda aka haifa daga 2019 zuwa 2021. Su ne yanzu ke rabin aji da farkon firamare. Yawancinsu ko sunan korona ba su sani ba. Amma shekarun da suka fi muhimmanci wajen ginuwar jikinsu da ƙwaƙwalwarsu sun faɗo daidai lokacin da annobar ta hargitsa gidajenmu, kuma har yau akwai sauran tabon a jikin wasunsu. Abin da nake so ku fita da shi daga wannan rubutu shi ne, gyaran wannan tabo yana hannun yayye, wato ku.

Mu tuna yadda abin ya faru

Da yawa daga cikinku kuna firamare a lokacin, don haka bari in tuna muku. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Najeriya, a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya ƙare an rufe makarantu a ƙasar nan. Hukumar UNESCO ta ce a lokacin da abin ya fi tsanani, ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne rufe makarantu ya shafa a duniya.

A Jihar Katsina, daga Daura aka fara, a farkon Afrilu, bayan rasuwar wani likita da gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar. Kwanaki kaɗan bayan haka aka samu wanda ya kamu a Dutsin-Ma, gwamnan wancan lokaci Aminu Bello Masari ya ba da umarnin kulle ƙaramar hukumar. Daga baya aka kulle birnin Katsina. Kurfi, wadda ke kan hanya tsakanin Katsina da Dutsin-Ma, sai ta wayi gari a tsakanin garuruwa biyu da aka rufe, su ne kuma wuraren da mutanenta suka fi zuwa ciniki da asibiti da neman kuɗi. Cikin wannan hali azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Aka yi Ƙaramar Sallah babu hawa, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, kuma a shekarar babu maniyyacin da ya tashi daga Najeriya zuwa aikin Hajji.

Na san akwai waɗanda har gobe suke musu a kan cutar kanta. Wannan muhawara ba ita ce a gabanmu ba. Wanda ya yarda da wanda bai yarda ba duk sun ga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma babu kowa, duk sun ga an dawo da yara gida. Likitoci kuma sun lura cewa cutar ba ta cika kwantar da ƙananan yara ba. Ta wasu ƙofofi ta shigo musu: ta tukunya, ta katin asibiti, ta ran iyaye, sannan ta makaranta.

Me ya sa shekarun farko suka fi tsada?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kimiyya ta gaskata su. Kafin yaro ya cika shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarun farko, ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin hanyoyin sadarwa sama da miliyan 1 a kowace daƙiƙa. Ma'aikatan lafiya kuma suna yawan ambaton kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2, a matsayin lokacin da abinci da kulawa suke barin alama mai ɗorewa.

To da me ake ƙulla waɗannan hanyoyi? Da abubuwan da muke rainawa. Jariri ya yi gwalantu, uwa ta amsa masa. Ya nuna akuya da yatsa, yayarsa ta ce, "Akuya ce, ka ga tana cin dusa." Ya jefar da cokali, a ɗauko masa, ya sake jefarwa. Duk lokacin da yaro ya yi wani abu aka mayar masa da martani, wata hanya tana ƙarfafa a kansa. Idan ya yi ta yi babu mai kula shi, hanyar takan raunana. Shi ya sa yaron da ake yawan yi wa magana yakan riga tsaransa baki, kuma yaron da ya shiga aji 1 da kalmomi masu yawa ya fi saurin kama karatu.

A wasu ƙasashe an bi diddigin jariran da aka haifa cikin kulle. A ƙasar Ayalan, masu bincike sun bi jariran da aka haifa tsakanin Maris da Mayu 2020. Da suka cika shekara guda, kusan 77 cikin 100 ne suka iya furta kalma ɗaya mai ma'ana, alhali a yaran da aka auna shekarun baya adadin ya kai kusan 89. Masu ɗaga hannu su yi bankwana da masu nuni da yatsa su ma sun ragu. Abin sha'awa, masu rarrafe sun ƙaru, wataƙila don sun fi samun zama a ƙasa a cikin gida. A birnin New York ma, wani bincike na Jami'ar Columbia da aka buga a farkon 2022 ya nuna jariran zamanin annobar sun ɗan gaza na baya a motsa jiki da mu'amala a wata 6, ko uwar ta kamu da cutar lokacin goyon ciki ko ba ta kamu ba. Masu binciken sun fi zargin damuwar da iyaye mata suka shiga.

Namu ya bambanta da nasu

Jaririn Ayalan yana iya yin wata shida bai ga kowa ba sai uwa da uba. A Birchi ko Karofi ko Rawayau da wuya a samu haka. Gidajenmu cike suke da mutane: kaka, gwaggo, matan baffanni, yaran maƙwabta. Wannan arziki ne da ya kare yaranmu daga kaɗaici, kuma ya kamata mu san darajarsa. Duk da haka an taɓa shi. An dakatar da taruka, ziyara ta ragu. 'Yar baffana a Kurfi aka haifa cikin azumin 2020, aka raɗa mata suna da liman da maza kaɗan, babu taron mata, babu kayan barka irin wanda mai jego ke jingina da shi ta yi wata biyu tana cin mai kyau. Irin wannan gudummawa ta dangi ita ce inshorar talaka, kuma a shekarar ta yi rauni.

Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne tukunya. Mafi yawan magidanta a nan sai sun fita suke samun na cefane. Ku dubi Dutsin-Ma kawai. Da aka rufe Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗalibai suka watse, ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i da ya ɗauki daga Maris har Disamba 2020. Mai sayar da abinci a bakin ƙofa, ɗan acaba, mai wanki da guga, mai shago, mai ɗakin haya, duk cinikinsu ya tsaya. Manomin rani a bakin madatsar Zobe yana da kaya, mai saye ba ya iya zuwa. Ɗan ci-rani a Legas ko Abuja ya maƙale, babu aiki, babu abin aikowa gida. Uwar da ke yin awara ko ƙuli-ƙuli a cikin gida ta rasa masu saye. A ƙarshen shekarar, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 cikin 100.

Idan kuɗi ya ragu, abin da ake fara cirewa shi ne nama da ƙwai da madara da wake, a bar tuwo da koko. Babba zai jure. Yaro ɗan wata 10 da aka fara ba abinci yana bukatar waɗannan abubuwa don ya yi tsawo, jininsa ya cika, ƙwaƙwalwarsa ta ginu. Tun kafin korona ma muna cikin matsala. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 cikin 100. Annobar ta zo ta samu rauni ta ƙara fama shi. Ga kuma abincin da ake ba 'yan aji 1 zuwa 3 a makarantun gwamnati, wanda rufe makaranta ya yanke.

Ƙofa ta biyu ita ce katin rigakafi. Jariri yana karɓar allura tun ranar haihuwa, sannan a mako 6 da mako 10 da mako 14, sai ta ƙyanda a wata 9. A lokacin kulle wasu iyaye sun ji tsoron zuwa asibiti kada a ce suna da korona, wasu babu abin hawa, wasu kuma jita-jita a kan allura ta sanyaya musu gwiwa. WHO da UNICEF sun ce yara miliyan 23 ne a duniya suka rasa alluran farko a 2020, adadin ya kai miliyan 25 a 2021. A ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Najeriya, ta fi tsanani a Kano, ta shigo har Katsina, kuma mafi yawan waɗanda ta kama ba su kammala rigakafi ba. Allurar da ke kare yaro daga mashaƙo tana cikin waɗanda ake yi a makonnin nan uku da na ambata.

Ƙofa ta uku ba a cika maganarta ba, ita ce ran iyaye. Uban da ya saba fita da asuba ya dawo da leda a hannu, yau ga shi a zaure babu ko sisi, yara goma suna hayaniya a tsakar gida cikin zafin Afrilu. Uwa tana jego, tana tunanin abin buɗa baki. Mutum a irin wannan hali fushinsa kusa yake, maganarsa kaɗan ce. Tsawa da duka sukan ƙaru, wasa da hira su ragu. Wannan ba zargin iyayenmu ba ne, sun ɗauki nauyin da mu ba mu san girmansa ba. Amma yaro ƙarami yana jin tashin hankalin gida tun kafin ya iya magana, kuma tsoro mai daɗewa yana hana shi sakewa ya koyi abu.

Ba duka ne ya zama asara ba. A gidaje da yawa, wannan ne karon farko da uba ya wuni da 'ya'yansa. Na ga magidancin da ya koya wa ɗansa ƙirga da ƙwallayen dabino, na ga wanda ya fara sanin cewa 'yarsa tana tsoron kaza. Kakanni sun dawo da tatsuniya da dare. Wanke hannu da sabulu ya shiga jikin yara. Waɗannan abubuwa ne da bai kamata mu bari su tafi tare da kullen ba.

Ƙofa ta huɗu ta shafe ku kai tsaye. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Agusta 2020 don jarrabawar WAEC, saura sai wajen Oktoba. An yi darussa ta rediyo da talabijin, amma yaron da ke koyon haɗa baƙi da wasali yana bukatar mai riƙe masa hannu. Ba a daɗe da komawa ba, ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sake rufe makarantu. Wasu yara mata da suka fara talla a lokacin ba su koma aji ba. Wasu 'yan aji 2 da 3 na wancan lokaci an yi ta ciyar da su gaba alhali tushen karatun bai zauna ba. In akwai wanda ke cikinku yau yana JSS yana fama da karanta sakin layi guda, ya sani ba daƙiƙanci ba ne, giɓi ne aka bari, kuma ana cike shi.

Aikin da ke gaban yaya

Ga labari mai daɗi. Ƙwaƙwalwar yaro tana da saurin farfaɗowa. Jariran nan na Ayalan da aka sake aunawa a shekara 2 sun yi daidai da tsaransu a yawancin fannoni, sai a magana ne aka ga sauran tazara. Magana kuwa ba ta bukatar kuɗi, kuma a gidan Bahaushe babu wanda ya fi yaya wuni da ƙani. Ke ce mai goyo, kai ne mai raka shi makarantar allo. Ga abubuwan da za ku iya farawa a makon nan.

Na farko, ku nemi katin rigakafin kowane yaro a gidanku. Ku ne masu karatu, ku duba layin da babu kwanan wata. Ku je wa Inna ko Baba cikin ladabi: "Inna, na ga katin auta akwai gurbin da ba a cike ba, ko in raka ki asibiti a duba?" Alluran yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma tun a 2023 WHO da UNICEF da abokan aikinsu suka ƙaddamar da gangamin cike giɓin yaran da annobar ta sa aka tsallake. Ko katin ya ɓata, a je, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi abin da ya dace da shekarun yaron.

Na biyu, ku ware minti 15 kullum na hira da ƙaninku. Ku yi masa tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a: me ka gani a hanya, me ya sa kake jin akuyar nan take kuka? Ku jira ya gama, ko da yana in-ina. Ku ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi, gobe ku ce shi ya ba ku. Ku yi kacici-kacici. Da Hausa za ku yi, domin yaron da ya ƙware a harshen gida ya fi sauƙin ɗaukar Turanci da Larabci daga baya.

Na uku, ku mayar da aikin gida darasi. In ana tsince wake, a ƙirga goma-goma. In an aike ku kasuwa, ya faɗi sunan kowane kaya da launinsa. Ku rubuta harafin farko na sunansa a ƙasa da tsinke, ya bi da yatsa. Ku bar shi ya yi carafke da langa da ɓuya, ya ƙera motar kara, ta yi wa 'yar tsana goyo. Da irin wannan wasa yatsu ke koyon riƙe fensir, yaro ke koyon jiran layi da haƙuri in an cinye shi.

Na huɗu, waya. A lokacin kulle ne da yawa muka koyi miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Shawarar WHO ita ce, yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Bidiyo yana yi wa yaro magana amma ba ya sauraron amsarsa. In za a kalla, ku zauna tare, ku riƙa tambayarsa abin da ya gani.

Na biyar, abinci. Ba ku ke cefane ba, amma kuna iya kawo shawara daga abin da kuka koya a aji. Garin kunu na gero da aka haɗa da waken suya da gyaɗa ya fi koko zalla gina jiki nesa ba kusa ba. Zogale a miya, ƙwai ɗaya in kaza ta yi, ɗan wake a cikin shinkafa, duk suna da amfani. In ana ci a kwano ɗaya, ku lura kada manya su rigaye ƙaramin, gara a zuba masa nasa daban. In akwai jariri, ku tuna wa gida cewa nonon uwa zalla ake so har wata 6.

Na shida, ku zama idon gida. Yaro yakan fara kalmar farko wajen shekara 1, ya haɗa kalma biyu wajen shekara 2, a shekara 5 kuma ya iya ba da ɗan gajeren labari. Yara sun bambanta, wani yakan ɗan makara. Amma in yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko kunnensa yana ruwa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, ko yana ramewa, ƙafafunsa suna kumbura, gashinsa yana ja yana kakkaryewa, ku gaya wa iyaye a kai shi asibiti da wuri. Tamowa tana da magani, matsalar ji ma in an gano ta da wuri ana taimakon yaro.

Na ƙarshe, ku kiyaye bakinku. Kada ku kira ƙaninku dolo ko daƙiƙi don ya kasa karanta abin da ku kuka iya a shekarunsa. Yaron da ake yi wa dariya yakan daina gwadawa. In ya yi kuskure ku maimaita masa daidai, in ya yi daidai ku yaba masa a gaban mutane.

WHO ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma darasin bai tsufa ba. A yankinmu har yanzu akwai abubuwan da ke rufe makaranta da kasuwa, su raba iyali da gidansu, musamman matsalar tsaro da ta sa mutanen ƙauyuka da dama suka dawo cikin Dutsin-Ma da Kurfi. Yaran waɗannan gidaje suna fuskantar abin da 'yan zamanin korona suka fuskanta, wani lokaci fiye. In akwai su a unguwarku, ku jawo su cikin wasan da hirar.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya duba kati ɗaya, ya ba da tatsuniya ɗaya, sannan ya rubuto mana ta hannun editan wannan shafi abin da ƙaninsa ya faɗa da ya ba shi mamaki. Za mu kawo wasu daga cikin wasiƙunku a fitowa ta gaba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a gaida su Inna da Baba.